Gida a Beaconsfield kan fam miliyan 1.1: farashin gaskiya ne ko na dillalai?

AbuSadiq_Slough

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Ingila. Ina neman shawarar waɗanda suka san kasuwar gidaje a Buckinghamshire. Haya muke yi a Slough, yara biyu, babban zai shiga aji biyar na firamare. Akwai wani gida a Beaconsfield mai ɗakin kwana huɗu, tsaye shi kaɗai ba ya jingine da na kowa, ginin shekarun 1960, tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa zuwa tashar jirgin ƙasa. An sa masa fam miliyan 1.1, kuma yau wata biyar ke nan yana kasuwa. Na ga irinsa a High Wycombe, da bai wuce mil biyar daga can ba, ana neman ƙasa da fam dubu 700.

Me ke kawo wannan rata? Ta yaya zan gane ainihin darajarsa, nawa ya kamata in taya, kuma wane kuɗi ne ke biyo baya bayan kuɗin gidan? Muna da kamar dubu 300 a hannu, sauran sai banki. Ina da gida ɗaya a Kano, amma ban ga ya shafi maganar ba.

MalamSafiyo

Wa alaikumus salam, Malam Abu Sadiq. A gari irin Beaconsfield ba gini kake saye ba, ƙasar da ginin ke kai kake saye. Bulo da katako da kwanon rufi kuɗinsu ɗaya ne a can da High Wycombe. Ratar da ka gani duk ta fili ce.

Garin ƙarami ne, mutanensa wajen dubu 12 ne a ƙidayar 2011, kuma kewaye yake da Green Belt, wato ƙasar da doka ta ƙuntata gini a kanta don kada Landan ta haɗiye garuruwan gefe. Arewa da shi kuma tuddan Chiltern ne, su ma da tasu kariyar. Garin ba shi da inda zai faɗaɗa, sai ɗan abin da ake ginawa a tsofaffin wurare irin Wilton Park, tsohon filin soja. Masu nema kuwa ba sa ƙarewa, saboda jirgin Chiltern Railways yana kai mutum tashar Marylebone ta Landan cikin rabin awa ko ƙasa da haka, ga babbar hanyar M40 a bakin gari. Tun 1906 da layin dogo ya iso aka fara gina sashen da ake kira New Town, mil guda daga tsohon gari, kuma har gobe tashar ce cibiyar farashi. Shi ya sa matsakaicin kuɗin gida a can ya haura fam miliyan ɗaya, kuma sau da yawa garin ne ke zuwa na farko a jerin ƙananan garuruwan kasuwa mafi tsada a Ingila. (Af, 'yan garin "Bekonsfil" suke cewa, ba "Bikonsfil" ba. Kada dillali ya gane baƙo ne kai tun daga gaisuwa.)

Sai dai kada wannan matsakaicin ya ruɗe ka. A ƙaramin gari gidajen da ake sayarwa a shekara ba su da yawa, to idan an sayar da manyan gidaje biyar na miliyan huɗu-huɗu, lissafin kowa sai ya tashi, a rubuta cewa farashi ya ƙaru alhali gida irin naka bai motsa ba. Kai dai ka yi naka awon.

Kuɗin da aka rubuta a talla buri ne na mai gida, wani lokacin ma na dillali, domin akwai dillalan da ke ɗaga ƙiyasi don a ba su aikin, daga baya su riƙa lallashin mai gida ya sauko. Abin dubawa shi ne kuɗin da aka biya a zahiri. HM Land Registry, hukumar rajistar filaye da gidaje, tana wallafa kuɗin kowane ciniki kyauta, kuma shafukan tallan gidaje na Rightmove da Zoopla suna nuna shi tare da tsofaffin hotuna. Ka tattara gidaje biyar zuwa takwas da aka sayar cikin wata goma sha biyu da suka wuce, a lambar adireshi ta HP9, wato yankin Beaconsfield, masu zaman kansu kamar wannan, da nisansu da tasha ya yi kama. Ka tuna bayanan suna makara da wata biyu zuwa uku, wani lokaci fiye, kuma farashin da ka gani an daidaita shi ne watanni kafin ranar da aka rubuta.

Daga nan ka nemi faɗin kowanne. Rajistar takardar EPC ta gwamnati, wadda ke nuna yawan cin wutar gida, tana ɗauke da faɗin ciki a murabba'in mita, ita ma kyauta. Raba kuɗi da faɗi. Misali, idan gidan nan murabba'in mita 160 ne, miliyan 1.1 ya kama fam 6,875 kowace mita. Idan maƙwabtansa da aka riga aka gyara sun tafi a wajen wannan adadi, to shi idan ba a taɓa shi ba tun shekarun 1980, bai cancanci haka ba. Tallan dillalai da ƙafa suke awo, kuma suna son cusa gareji da rumfar baya a cikin jimla, don haka ka cire su. Murabba'in mita ɗaya murabba'in ƙafa 10.76 ne.

Abu ɗaya ke rushe wannan lissafi, shi ne girman fili. A Beaconsfield magina suna sayen tsohon gida mai babban fili su rushe su tada sabo, kuma haraji na taimaka musu, don sabon gini ba a ɗora masa VAT, gyaran tsoho kuwa kashi 20 ne. Idan filin ya kai rubu'in eka ko fiye a titi mai kyau, da magina kake takara, ba ruwansu da tsohon kicin. Amma gidan da ya yi wata biyar babu wanda ya ɗauka, alama ce magina sun leƙa sun wuce. Ka tambayi kanka dalili.

HajiyaUmmi_Reading

Ɗan'uwa, jimlarka ta ƙarshe ce ta sa na tsaya rubutu. Gidan Kano ya shafi maganar, kuma yana iya cin maka fam dubu 55.

Harajin hatimi da ake biya kan sayen gida a Ingila hawa-hawa ne. Daga Afrilun 2025, dubu 125 na farko babu komai. Daga nan zuwa dubu 250 kashi 2, zuwa dubu 925 kashi 5, zuwa miliyan 1.5 kashi 10, abin da ya haura kashi 12. A kan miliyan 1.1, ka haɗa 2,500 da 33,750 da 17,500, ya ba ka fam 53,750. Rangwamen masu sayen farko bai shafe ka ba, don yana tsayawa ne a gidan dubu 500.

To amma wanda ya riga ya mallaki wani gidan zama, ana ƙara masa kashi 5 a kan kuɗin gaba ɗaya. A da kashi 3 ne, aka ɗaga a ƙarshen Oktoban 2024. Dokar ba ta ce gida a Birtaniya ba, ko'ina ne a duniya, muddin darajar rabonka a ciki ta kai fam dubu 40. Kashi 5 na miliyan 1.1 shi ne dubu 55, jimla 108,750, kuma cikin kwana 14 da kammala ciniki ake biya. Ka ga daga dubu 300 ɗinka saura ƙasa da dubu 200 tun kafin lauya ya karɓi nasa.

Inda mutanenmu ke faɗawa rami wuri uku ne. Na farko, mayar da gidan sunan uwargida ba ya raba ka da harajin, domin miji da mata abu ɗaya ake ɗaukarsu a wannan doka. Na biyu, akwai sassauci ga wanda ya sayar da gidan zamansa ya sayi wani, amma kai haya kake, gidan Kano ba nan kake zaune ba, don haka da wuya ka shiga ciki. Na uku, gado. Idan rabon gado ne da bai wuce rabi ba, kuma cikin shekara uku da suka wuce ya zo hannunka, ba a lissafa shi. Bayan shekara uku sai a duba darajar rabon naka. Fili zalla da babu gini a kai ba gidan zama ba ne.

Abin yi: ka sa a ƙiyasta gidan Kano a rubuce, daga ƙwararren mai ƙiyasin gidaje mai rajista, a juya zuwa fam da canjin lokacin cinikin. Yadda naira ta faɗi tun 2023, gidaje da yawa da a da suka haura dubu 40 yanzu suna ƙasa da haka. Idan naka ya haura, ka zauna da lauya ka auna ko sayar da shi kafin ranar kammalawa ya fi. Kada dai ka ɓoye. Kai ne ke sa hannu a takardar harajin, ba lauya ba.

Idan wani ɓangare na dubu 300 ɗin daga gida ya fito, fara tara takardu tun yau: bayanan banki na aƙalla wata shida, shaidar inda kuɗin ya samo asali, da takardar kyauta idan wani ɗan'uwa ne ya taimaka. Kuɗin da ya bi ta hannun 'yan canji ba tare da takarda ba yana tsayar da ciniki makonni, wasu lauyoyin ma su ƙi karɓa sam.

Ka kuma sa a duba takardar mallakar, fam 7 ne a Land Registry. Gidaje da dama a yankin suna ɗauke da tsofaffin sharuɗɗa da suka hana raba fili ko ƙara gini, wasu kuma suna kan titunan da ba na hukuma ba, mazauna ke haɗa kuɗin gyara. Harajin kansul har yanzu bisa darajar 1991 ake lissafa shi, gida irin wannan yawanci rukunin G yake faɗawa, ka ware sama da fam 3,500 a shekara.

Baban_Zahra

Malam Safiyo ya yi bayani mai kyau, amma ya tsallake makarantu, kuma ina jin su ne ke jan mai tambaya, tunda ya ambaci aji biyar.

Gaskiya ne Buckinghamshire na cikin 'yan yankunan da suka riƙe makarantun girama, guda 13, na gwamnati ne ba a biya, ana shiga da jarrabawar da yara ke yi a watan Satumba na aji shida. Maki 121 ake nema. Tun da aka ɗora VAT kashi 20 kan kuɗin makarantu masu zaman kansu a Janairun 2025, a ganina iyaye da yawa sun ƙara karkata ga irin waɗannan yankuna, kuma hakan na riƙe farashi.

Amma adireshin Beaconsfield ba ya ci wa yaro jarrabawa. Makarantar girama da ke cikin garin, Beaconsfield High, ta mata ce. Namiji idan ya ci, yawanci High Wycombe zai tafi, Royal Grammar School ko John Hampden, ko Dr Challoner's a Amersham, gwargwadon iyakar da kowace makaranta ta shata. Wato gidan dubu 700 ɗin nan da ka raina yana iya fin kusa da makarantar da ɗanka zai shiga. Ban da haka, Slough ɗin da kake zaune tana da makarantun girama huɗu nata: Herschel, Langley, Upton Court da St Bernard's, da tasu jarrabawar daban.

Kuma ka lura da lokaci. Kowace makaranta tana da ranar da dole a ce iyali sun riga sun tare a adireshin, kuma suna bincike, ba sa karɓar adireshin aro. Cinikin gida a Ingila daga karɓar tayi zuwa karɓar makulli yakan ci wata uku zuwa biyar. Karanta dokar shiga ta makarantun da kake so ta shekarar da ɗanka zai nema, kafin ka taya ko sisi. Yaron da ba ya firamaren gwamnati a Buckinghamshire sai an yi masa rajistar jarrabawa da hannu, ba a sa shi kai tsaye.

Ƙari ɗaya: masallatai da shagunan nama halal suna High Wycombe da Slough. Mota za ka riƙa ɗauka.

Ɗanborno_MK

Ni ta fuskar banki zan zo. Ƙa'idar da yawancin masu ba da bashin gida ke bi ita ce ninki huɗu da rabi na abin da iyali ke samu a shekara kafin haraji. Wasu suna kai wa biyar ko fiye ga likitoci da makamantansu, amma kada ka gina lissafi a kan wannan. Bashin dubu 800 yana son kuɗin shiga kusan dubu 178. Idan kuma harajin da Hajiya ta lissafa ya cinye kuɗin hannunka har bashin ya koma dubu 900, to dubu 200 ake magana, kuma kason da ka zuba ya sauka ƙasa da kashi 20, wanda ke sa banki ya tsananta farashinsa.

Bashin dubu 800 a shekara 25: a kuɗin ruwa kashi 2 cikin ɗari biyan wata kusan fam 3,390 ne, a kashi 4.5 kusan 4,450, a kashi 5.5 kusan 4,910. Wannan ne ya sanyaya kasuwa. A 2020 da 2021 kuɗin ruwan Babban Bankin Ingila 0.1 ne, an ɗage harajin hatimi kan dubu 500 na farko, mutane suna gudu daga Landan neman lambu da ɗakin aiki, gidajen irin waɗannan garuruwa suka yi tashin gwauron zabi. Zuwa Agustan 2023 kuɗin ruwan ya kai 5.25, sai a Agustan 2024 aka fara saukowa a hankali. Masu gida da yawa har yanzu farashin 2021 ke kansu. Kuma a garin masu hali mai gida ba ya cikin matsi, da yawansu sun gama biyan bashi tuntuni, sun gwammace su janye gida daga kasuwa da su karya shi. Don haka farashi a can ba ya faɗuwa warwas, tsayawa yake yi cak, ciniki ya ragu, hauhawar farashin kaya ta riƙa cin darajarsa a ɓoye.

Idan kana gudun riba, akwai tsarin musharaka mai raguwa, Gatehouse Bank da StrideUp suna yi. Ku sayi gidan tare, kana biyan hayar kasonsu kana sayensa kaɗan-kaɗan. Doka ta tanadi kada a biya harajin hatimi sau biyu a irin wannan ciniki. Yawanci ya ɗan fi tsada, lauyoyi biyu ne a ciki, kuma ba kowane lauya ya iya shi ba, don haka ka nemi wanda ya saba, ka kuma tambayi iyakar abin da suke bayarwa tun farko. Ko wane ne ka zaɓa, ka riƙe takardar amincewar farko ta mai ba da kuɗin a hannu kafin ka taya.

AbuSadiq_Slough

Allah ya saka da alheri. Hajiya, wallahi kin farkar da ni. Na duba kamar yadda Malam Safiyo ya ce: faɗinsa mita 158 ne, filin bai kai rubu'in eka ba, EPC ɗinsa E (A ne mafi kyau, G mafi muni), kuma yana ɓangaren kudu, wajen M40. Akwai katuwar bishiya kusa da bangon baya. Yanzu nawa zan fara da shi?

MalamSafiyo

To ga dalilin wata biyar nan ya fito. Koma ka tsaya a lambun baya da ƙarfe bakwai da rabi na safe ranar aiki, sannan ka sake zuwa ranar da aka yi ruwa, don jiƙaƙƙen kwalta ya fi ƙara. Iskar Ingila yawanci daga kudu maso yamma take kaɗawa, ita ke ɗauko gurnanin M40 ta shigo da shi gari. Dillali zai kai ka ne Asabar da rana, tagogi a rufe. Kicin ana canza shi, ƙarar hanya ba ta da magani, kuma ranar da za ka sayar mai saye zai ji abin da ka ji.

Ka ɗauki safiyo mai rajistar RICS, ƙungiyar ƙwararrun safiyoyi, ya yi binciken mataki na uku, wato mafi zurfi, ba na biyu ba. Ka ware fam 1,000 zuwa 1,500. Wanda banki zai turo ƙiyasi kawai yake yi don kare kuɗin banki. A ginin shekarun 1960 a duba asbestos, kayan gini mai cutar da huhu, a silin mai zane-zane, da rufin gareji, da tayil ɗin ƙasa, tunda sai 1999 aka haramta shi baki ɗaya. A duba shimfiɗaɗɗen rufi idan akwai, da wayoyin wuta, da tukunyar ɗumama gida. A tura kyamara cikin magudanar ƙazanta, don tsofaffin bututun yumɓu saiwa ke fasa su.

Bishiyar nan kuma ka bi ta da kyau. Ƙasar yankin alli ne a ƙasa, a wurare da yawa da yumɓu a sama. Yumɓu yana tsukewa idan saiwa ta zuƙe ruwansa a shekarar zafi, harsashi ya nutse ta gefe ɗaya. Alamarsa tsaga ce a karkace daga kusurwar taga, mai faɗi a sama, da ta wuce milimita uku. Allin ma ruwa na narkar da shi, ga tsofaffin ramukan haƙa. A Fabrairun 2014 rami ya buɗe a ƙofar wani gida a Walter's Ash kusa da High Wycombe ya haɗiye mota. Ka ce wa lauya ya haɗa da binciken ƙarfin ƙasa, ka kuma tambaya a rubuce ko an taɓa neman diyyar inshora kan nutsewa. Sannan duba ko hukuma ta sa wa bishiyar kariya, domin idan ta sa, ko reshe ba ka sara sai da izini.

Game da tayi, kada ka jefa adadi haka kawai. Rubuta wa dillali gidaje uku da ka kwatanta, kuɗin kowace mita, da ƙiyasin gyara, sannan ka faɗi adadinka. Gidan da ya yi wata biyar, ga ƙara, ga EPC na E, farawa da ragin kashi 8 zuwa 10 ba raini ba ne, wato tsakanin dubu 990 da miliyan 1.01. Ka tuna duk fam ɗin da ke sama da dubu 925 harajinsa kashi 10 ne, ko 15 idan ƙarin nan ya hau kanka, don haka ragin dubu 100 ya kai dubu 110 zuwa 115 a aljihunka. Babban makaminka shi ne haya kake, ba ka jiran sai ka sayar da wani gida, sa wannan a layin farko na wasiƙar. Idan an karɓa, ka nemi a sauke tallan nan take, domin a Ingila babu wanda ya ɗaure sai ranar da aka yi musayar kwantiragi aka ajiye kashi 10. Kafin nan mai gida na iya karɓar tayin wani, kai ma kana iya rage naka idan rahoton safiyo ya fito da matsala. Amma kada ka biya safiyo ko sisi sai Hajiya da lauyanka sun gama da maganar gidan Kano.